Na'urar Ƙidayar Ƙura da Hazon Kudancin Kano



Duk wanda ya bi hanyar Tudun Wada da hunturu ya san yadda hazo kan rufe duwatsun Doguwa har a rasa ganinsu. Yawancin wannan ƙura daga Bodele take tasowa, can arewacin ƙasar Cadi. Ido yana ganin duhunta, amma ba ya iya faɗin girman ƙwayoyinta, alhali kuwa a wurin girman nan cutar take.

Ana auna ƙwayar ƙura da maikromita, watau mita ɗaya a raba ta gida miliyan. Kaurin gashin kai ɗaya wajen maikromita 70 ne. Manyan ƙwayoyi hanci ne ke tare su, a fyace. Waɗanda ba su wuce 2.5 ba kuwa sai su zarce can cikin huhu.

To, yaya na'urar ke ƙidaya abin da ido ba ya gani? Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iska, ta ratsa da ita ta cikin siririn hasken leza. Kowace ƙwaya ta gifta sai ta watsa hasken, wani idon lantarki ya kama walƙiyar. Yawan walƙiya shi ne yawan ƙwayoyi, ƙarfinta kuma shi ke nuna girma. Sai dai na'urar ba ta san ƙura daga ruwa ba. Ka girka ta da asuba a bakin madatsar Tiga, a Bebeji, za ta ƙidaya maka raɓa cikin lissafi.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa ƙananan ƙwayoyin nan kada matsakaicinsu na kwana guda ya wuce maikrogiram 15 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska.

Ni a ganina, mun cika ɗora wa hunturu laifi. Hazo wata uku ko huɗu yake yi ya tafi. Hayaƙin murhun kara da itace kuwa, wanda kusan dukkansa ƙananan ƙwayoyi ne, iyayenmu mata a Kiru suna shaƙarsa rani da damina, da goyo a baya. Ga ƙunar daji a gefen Falgore, ga ƙurar dutse a ramukan ma'adinai na Riruwai. Da za a damƙa mini na'ura ɗaya tak, a madafin gidanmu zan fara ajiye ta, daga hura wutar koko har zuwa kwashe tuwon dare.