Kwamfutocin da Ke Kulle a Sito: Jawabin Kwamitin Ilimin Kwamfuta a Taron Reshe



An ba mu wannan dama domin mu yi bayani a kan wata matsala da kusan kowannenmu ya san ta. Makarantu da yawa a yankinmu suna da kwamfutoci, wasu gwamnati ta kawo, wasu kyauta ce daga tsofaffin ɗalibai. Amma idan aka buɗe sito sai a tarar da rabinsu a jibge, ƙura ta lulluɓe su, an ce sun mutu. Mafi yawansu ba su mutu ba. Abin da ya lalace shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato irin su Windows ko Linux, kuma ana ganin ba za a iya sabunta ta ba sai da intanet, alhali a wasu makarantunmu ko kiran waya sai an fita bakin hanya. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin da muka koyar shekara shida, ya san amsa sarai, yana iya faɗuwa don kawai ranar ce ta farko da hannunsa ya taɓa linzamin kwamfuta.

Abin da muke son mu tabbatar muku shi ne, kwamfuta ɗaya ce kaɗai take bukatar intanet, kuma sau ɗaya. Sauran duk daga gare ta za su sha.

Ga yadda abin yake. A zaɓi na'ura guda mai lafiya a kai ta gari, inda akwai wuta da intanet. A nan za a ɗora mata babbar manhaja, a sabunta ta, a zuba mata duk abin da malami da ɗalibi za su nema: LibreOffice na rubutu da lissafi, manhajar koyon buga rubutu, da Kiwix, wadda ke ba mutum damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Kada a manta da tsarin allon rubutu na Hausa, wanda akwai shi a Linux da Windows, domin yaranmu su rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata. Kada kuma a manta da manhajar da ke sa firinta ta yi aiki, domin ita ce aka fi tunawa bayan an riga an koma ƙauye. Wannan na'ura ita muke kira uwa.

Daga nan sai a ɗauki hoton faifanta baki ɗaya. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan ɗauka ana kwafe babbar manhaja kamar yadda ake kwafe waƙa ko hoto zuwa filasha. Hakan ba ya yiwuwa, domin akwai wani ɓoyayyen sashe a faifan, wanda shi ke tayar da na'ura idan an kunna ta, kuma kwafi na yau da kullum ba ya ɗaukarsa. Shi ya sa ake amfani da Clonezilla, manhaja ce ta kyauta da aka ƙirƙira a Taiwan. Ana ɗora ta a kan filasha, a tayar da uwar daga filashar, sai ta tattara duk abin da ke faifan, ta matse shi, ta ajiye a faifan waje. Da filashar nan da faifan nan a jaka, malami zai iya shiga kowace makaranta ya mayar da hoton a kan na'urori ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tashi tamkar uwar.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma wanda ya raina su zai yi da-na-sani. Mayar da hoto yana share duk abin da ke cikin na'urar da aka mayar wa, babu dawowa. Idan a ciki ne aka ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai ko rajistar makaranta, a fara kwashe su, a kuma buɗe kwafin a tabbatar ya buɗu. Haka nan, faifan da za a mayar wa bai kamata ya gaza na uwar girma ba, don haka hikima ita ce a zaɓi uwa daga cikin masu ƙaramin faifai. Akwai kuma bambanci tsakanin tsofaffin na'urori masu tashi da BIOS da sababbi masu UEFI. Hoton ɗaya ba lallai ne ya tashi a kan ɗaya ba, kuma makarantar da ke da iri biyu tana bukatar uwa biyu. Batun wuta ba sai mun faɗa muku ba. Idan ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai an sake daga farko, saboda haka a tanadi janareta ko batirin sola kafin a fara.

Za a tambaye mu, Windows ko Linux? Ra'ayinmu a fili yake. Lasisin Windows yana ɗaure da na'urar da aka saya masa, kuma kwafe shi zuwa na'urori ashirin ba tare da izini ba saɓa doka ne. Bai dace malamin da ke hana satar amsa ya tsaya gaban aji da manhajar sata ba. Ban da haka, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman kayan da tsofaffin na'urorinmu ba su da su. Linux Mint ko Debian kuwa, lasisinsu ya halatta a kwafa a raba ko sau nawa ne. Akwai ma wata riba: ƙwayoyin cutar da ɗalibai ke kwasowa a filasha daga shagunan buga takardu, galibinsu don Windows aka yi su, ba sa kama Linux. Mun ji masu cewa yaro zai rikice idan ya je zauren jarrabawa ya tarar da Windows. Ba mu raina wannan damuwa ba, amma linzami da allon rubutu iri ɗaya ne ko'ina, kuma su ne suke kayar da yaranmu.

Mai girma Shugaba, bukatunmu ba su da yawa. Muna roƙon reshe ya sayi faifan waje guda biyu da filasha kaɗan, su zama mallakar ƙungiya, a riƙa rubuta sunan wanda ya ara. Muna roƙon kowace makaranta ta ba da malamai biyu, ba ɗaya ba, domin canjin wurin aiki ba ya sallama, kuma ba ma so ilimin ya tafi da mutum guda. Muna kuma roƙon shugabannin makarantu su buɗe sito su ƙidaya abin da ke ciki, su rubuta samfurin kowace na'ura da girman faifanta, su miƙa wa sakataren reshe kafin hutun ƙarshen zango, domin da wannan lissafi ne za mu san uwa nawa za a shirya.