Intanet da Karatun Ɗalibai a Ƙasar Daura



Kowa a wannan zaure ya san yadda ake karatu a soron malami a birnin Daura. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, ya ja baƙi layi guda, malam ya fassara masa kalma bayan kalma, ba kuwa za a ƙara masa ba sai ya biya na jiya. Wannan hanya tana da jinkiri, amma tana koya wa yaro ya tsare hankalinsa wuri guda.

To, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma intanet ta biyo ta cikin aljihu, sai wani irin karatu dabam ya samu gindin zama, watau ido ya yi ta tsalle bisa shafi yana tsintar abin da ya yi masa daɗi. Ɗalibi na tsakiyar sakin layi, sai saƙon WhatsApp ya faɗo. Kafin ya komo, zaren maganar ya tsinke. Ba karatu ne ya yi ƙaranci ba, gama yaranmu suna karanta kalmomi fiye da iyayensu. Natsuwa ce ta yi ƙaranci.

A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa na Jami'ar Balensiya a ƙasar Sifen sun tattara bincike 54, wanda ya shafi mutum fiye da 170,000. Sun gano cewa mai karatu a takarda ya fi mai karatu a fuskar na'ura fahimta, musamman in rubutun na bayani ne, kuma an ƙayyade lokaci. Game da labaran hira kuwa, ba su ga wani bambanci ba.

A lura da wannan sharaɗi na lokaci, domin nan ne abin ya shafe mu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron Mai'aduwa ko Sandamu ko Ɓaure da ke neman shiga Kwalejin Yusufu Bala Usman ko Jami'ar Sufuri ta Daura, a gaban na'ura zai zauna, agogo na tafiya, ya karanta dogon bayani ya amsa tambayoyi. A ganina, ƙwace masa waya ba zai fisshe shi ba. Sai dai malamai su ware masa lokaci kowane mako ya karanta shafi uku ko huɗu a kwamfuta, waya a kashe, sa'an nan ya tashi ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, kamar yadda ake biyawa a soro.