Tsaron Kwamfutocin Kamfani: Abin Da Ya Sami Maersk A 2017



An nemi in yi jawabi a kan yadda kamfani zai kiyaye kwamfutocinsa da hanyoyin da suka haɗa su daga maɓarnata. Batun yana da faɗi ƙwarai, saboda haka zan tsaya a kan kamfani guda, watau Maersk na ƙasar Danmak, wanda jiragensa ke dakon kwantenoni a tekunan duniya.

Ran 27 ga watan Yuni, 1917 da shekara ɗari, watau 2017, wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ta ɓulla a ƙasar Yukren. Waɗanda suka ƙirƙire ta sun fara kutsawa ne cikin kamfanin da ke yin M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da ’yan kasuwar ƙasar ke aiki da ita, suka cusa gubar cikin sabuntawar da ake aika wa masu saye. Maersk yana da ofis a Yukren, ofishin kuwa yana da wannan manhaja. Lalle ku lura, babu wanda ya fasa ƙofa. Gubar ta zo ne a hannun amini, wanda aka saba buɗe wa ba tare da tambaya ba.

Da ta shiga, sai ta bazu ta hanya biyu. Ta bi wata kafa a tsarin Windows wadda kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris na shekarar, amma ba kowa ya ɗora ba. Sa’an nan tana kwashe kalmomin sirri daga kwamfutar da ta kama, ta shiga da su cikin na kusa, har waɗanda aka toshe wa kafar. Da yake hanyar sadarwar Maersk shimfiɗaɗɗiya ce, ba a yanka ta ɓangare-ɓangare da shinge mai ƙwari ba, abin da ya taso daga Yukren ya game ofisoshin kamfanin a duniya cikin ɗan lokaci. A kan allo an rubuta cewa a biya dala 300 a karɓi mabuɗi, alhali yaudara ce, gama an gina manhajar don ta lalata, ba don ta mayar ba. Tashoshin jiragen ruwa 17 na kamfanin suka tsaya cik, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin ƙofa, ma’aikata suka koma ga takarda da alƙalami.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Akwai wasu kwamfutoci da ke riƙe da rajistar kamfani duka: wane ne ma’aikaci, mene ne mabuɗinsa, ina aka yarda ya shiga. In babu wannan rajista, sauran ajiya ba ta da amfani, kamar sito ne cike da kaya an rasa littafin sito da makullansa. Maersk yana da irin waɗannan kwamfutoci da yawa, kowace tana kwafar ’yar’uwarta, an kuwa ɗauka wannan ya isa kariya. Tunanin yana da kyau in ɗaya ce ta lalace. Amma duk suna kan hanya guda, don haka aka shafe su tare. Guda ɗaya tak ta tsira, a wani ofishin kamfanin a Afirka ta Yamma, dalili kuwa shi ne an ɗauke wutar lantarki kafin harin, ta zamana ba ta haɗe da kowa. Mu da muka san ɗaukewar wuta muna iya murmushi. Da hannu aka ɗauki faifanta a jirgin sama zuwa Ingila, daga gare shi aka sake gini. A ganina, abin da sa’a ta yi wa Maersk shi ne abin da ya kamata hukumar daraktoci ta umarta tun farko: a ware kwafi a ajiye nesa da hanyar sadarwa, a riƙa gwada maido da shi lokaci-lokaci.

A taron Davos na watan Janairu, 2018, shugaban hukumar kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana cewa sun sake ɗora manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana 10, hasarar kuwa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Hasara irin wannan ta wuce a bar wa injiniyan kwamfuta shi kaɗai, domin tambayar asali ta kasuwanci ce: kwana nawa kamfani zai iya rayuwa ba kwamfuta?

Wani zai ce ai akwai inshora. A watan Fabrairu, 2018, Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, sai wasu kamfanonin inshora suka ƙi biya, suka ce wannan aikin yaƙi ne. Kamfanin magunguna na Merck, wanda shi ma harin ya shafa, ya kai ƙara yana neman dala biliyan 1.4. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar New Jersey ta goyi bayansa a 2023, aka sasanta a farkon 2024, fiye da shekara shida bayan ɓarnar. Kasuwar inshora ta Lloyd’s a Landan kuwa ta umarci cewa daga 2023 takardun inshorar kwamfuta su fayyace keɓe manyan hare-haren da gwamnatoci ke ɗaukar nauyi.