Shafe Laifi Fiye Da Ɗaya Daga Kundin Shari'a: Misalin Jihar Mishigan

Wanda kotu ta hukunta fiye da sau ɗaya yana iya neman a shafe masa duka? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin wannan tabo yakan hana mutum aiki, har ma gidan haya.

A Jihar Mishigan ta Amurka, dokar 2020 ta yarda a shafe manyan laifuffuka har 3, ƙanana kuwa ba iyaka. Amma mai manya fiye da ɗaya sai ya jira shekara 7 bayan kammala hukuncinsa. Inda na ga hikima shi ne, laifuffukan da suka auku a rikici guda cikin awa 24 ɗaya ake ƙirga su, ban da na makami, na far wa mutum, ko masu hukuncin shekara 10 zuwa sama.