Sawun da Muke Bari a Intanet da Amanar da Ke Hannunmu



An ba mu ɗan lokaci mu yi tsokaci kan abin da ke faruwa idan mun buɗe shafi a intanet. Muna karanta labarai, muna neman darasi, muna gaisawa da dangi, ba a karɓi ko sisinmu ba. To amma Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Talla ce ke ciyar da yawancin shafukan nan, ita kuma talla ta fi tsada idan an san wanda za a nuna wa.

Ga yadda abin yake. Da zarar mun shiga shafi, yakan ga lambar da wayarmu ta hau intanet da ita, da irin wayar, da yankin da muke. Sannan ya ajiye wani ɗan ƙaramin rubutu a cikinta da ake kira kuki, dabarar da aka ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a 1994. Wani kukin mai amfani ne, shi ke sa shafi ya tuna da mu. Wani kuwa na kamfanonin talla ne, yana bin mu daga shafi zuwa shafi yana lura da abin da ya ja hankalinmu. Kafin shafin ya gama buɗewa an riga an yi gwanjon filin tallar, wanda ya fi tayi shi zai bayyana a gabanmu. Shi ya sa wanda ya nemi bayanin rance da safe zai wuni yana cin karo da tallar masu ba da bashi.

A nan abin ya shafe mu kai tsaye. Malamin da albashi ya yi wa jinkiri shi ne abin farautar manhajojin bashi. Wasunsu sukan kwashe lambobin da ke cikin waya, ranar da biya ya gagara su aika wa surukai da abokan aiki saƙon tozarci. Abin ya yi muni har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023.

Doka tana bayanmu. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mu ikon tambayar abin da aka tara a kanmu, mu nemi a gyara ko a goge, mu janye amincewarmu, mu kuma ƙi tallar da ake turo mana. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, kan laifuffukan da suka haɗa da sarrafa bayanan 'yan Nijeriya ba da izininsu ba.

Sai dai dokar da ta kare mu ta ɗora mana nauyi. Rajistar aji tana ɗauke da sunan yaro, da ranar haihuwarsa, da lambar mahaifinsa. An damƙa mana su ne domin karatu, bisa sharaɗin riƙon sirri. Duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne a idon doka, iyaye ko mai riƙo ke da ikon amincewa a madadinsa. Hoton ɗaliba da muka ɗora a Facebook ranar rabon sakamako, ba mu da ikon dawo da shi idan ya faɗa hannun mugu.

Saboda haka muna roƙon reshe ya amince da abu uku. Kada mu wallafa hoto ko sakamakon ɗalibi sai da yardar iyayensa. Kada mu tura rajista, ko lambar NIN da BVN ta kowa, cikin zaurukan WhatsApp. Idan manhaja ta nemi izinin shiga lambobinmu ko hotunanmu alhali aikinta bai buƙaci haka ba, mu hana ta, mu kuma koya wa 'ya'yanmu a gida yin haka.

Iyaye sun ba mu 'ya'yansu amana, sirrin yaran kuwa yana cikin wannan amanar. Allah Ya ba mu ikon saukewa.