Nauru, Ƙasar da Aka Kwashe da Shebur



A ofishin wani kamfanin Turawa da ke birnin Sidni na Ostireliya akwai wani dutse da ake tokare ƙofa da shi. Daga tsibirin Nauru aka ɗauko shi, an zaci guntun icce ne da ya daskare. Wajen shekarar 1900 wani ma'aikacin kamfanin, Albert Ellis, ya auna dutsen, ya tarar fosfat ne mai ƙarfin gaske, wato sinadarin da ake haɗa takin zamani da shi. Duk manomin da ya taɓa sayen buhun NPK ya san harafin nan na tsakiya. To, shi ne.

Tsibirin kansa bai taka kara ya karya ba. Faɗinsa murabba'in kilomita 21, mutanensa kusan 12,000, yana tsakiyar tekun Pasifik, ɗan nesa kaɗan kudu da layin ikweta. Titin da ya zagaye shi kilomita 19 ne, ɗan acaɓa zai gama da shi cikin rabin sa'a. Babu kogi ko ɗaya, ruwan sha sai na sama ko na teku da aka tace. Ko babban birni ba shi da shi a hukumance, ofisoshin gwamnati dai suna gundumar Yaren. Jama'a sun yi gidajensu a ɗan siririn filin bakin teku, tsakiya kuwa tudu ne, kuma a tudun nan arzikin yake kwance.

Jamus ta mallake tsibirin a 1888, Ostireliya ta ƙwace shi a 1914. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai Ingila da Ostireliya da Niw Zilan suka kafa hukuma guda mai haƙar fosfat, tana sayar wa manomansu a kan kuɗin da aka kashe wajen haƙa kawai. Gonakin alkama da makiyayar tumaki na waɗannan ƙasashe suka yi kore shar, masu ƙasa kuwa da farko sisin kwabo ake ba su a kan kowane tan. Sannan Japan ta mamaye su a 1942, ta kwashi mutum 1,200 zuwa tsibiran Chuuk aikin tilas. Waɗanda suka dawo ranar 31 ga Janairu 1946 ba su kai 800 ba. Shi ya sa da 'yanci ya zo a 1968 suka zaɓi wannan rana, kuma shugabansu na farko, Hammer DeRoburt, yana cikin waɗanda aka kwasa. Kafin nan Ostireliya ta yi musu tayin su tattara ya-nasu-ya-nasu su koma tsibirin Curtis a gaɓarta. Suka ce a kai kasuwa.

A 1970 haƙar ta koma hannun 'yan ƙasa, kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. Idan aka raba kuɗin shiga da yawan jama'a, Nauru ta shiga sahun gaba a duniya a wancan zamani. Babu haraji, makaranta kyauta, asibiti kyauta. Shugabannin sun san ma'adinin zai ƙare, don haka suka buɗe asusun ajiya don 'yan baya. Sai dai a dubi inda kuɗin suka bi. An gina Nauru House, bene mai hawa 52 a Melbon. An kafa kamfanin jiragen sama wanda jiragensa kan tashi kujeru babu kowa. A 1993 har wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe aka ɗauki nauyi a Landan, a kan rayuwar Leonardo da Vinci, wasan da ya rufe bayan mako biyar. Asusun da ya haura dalar Ostireliya biliyan ɗaya a farkon shekarun 1990 ya zagwanye cikin shekara goma. A 2004 aka rasa benen saboda bashi, a 2005 masu bin bashi suka kama jirgi ɗaya tilo da ya rage.

'Yan jarida suna son tsayawa a nan su yi dariya, su ce ga talakan da ya tsinci dami a kala ya watsar. Labarin bai cika ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filin an riga an haƙe shi kafin 'yanci, kuma da yawa daga cikin mashawartan da suka yi wadaƙa da asusun baƙi ne masu kwat da lakataye. Nauru ta kai Ostireliya Kotun Duniya a 1989, aka sasanta a 1993 a kan dalar Ostireliya miliyan 107. Kuɗin ba su maido da ƙasa ba. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin tsirarun duwatsu ne masu tsini, wasu sun kai tsayin mita 15, ba noma ba kiwo. Wanda ya san kududdufan kuza na Jos ya hango ɗan kama, sai dai Bajoshe yana da wata gonar da zai koma. Abinci ya zama na gwangwani daga jirgin ruwa, ciwon sukari ya yi katutu.

Da ƙasar takawa ta ƙare, abin da ya rage na sayarwa shi ne hatimin gwamnati. A shekarun 1990 Nauru ta ba da lasisi ga bankuna kusan 400 waɗanda ba su da komai sai suna a takarda, har Babban Bankin Rasha ya ce dala biliyan 70 sun bi ta cikinsu a 1998 kaɗai. A 2001 gwamnatin Ostireliya ta John Howard ta ƙulla da Nauru yarjejeniyar tsare masu neman mafaka a tsibirin. An rufe sansanin a 2008, aka sake buɗe shi a 2012, ya zama babbar hanyar samun kuɗi duk da kukan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Ƙuri'ar Nauru a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ta shiga a 1999, nauyinta ɗaya da na Indiya. A hulɗar diflomasiyya ta bar Taiwan ta koma Sin a 2002, ta dawo Taiwan a 2005, ta sake komawa Sin a Janairun 2024.

Siyasar cikin gida ma ba ta zauna ba. Majalisa kujera 19 ce, ita ke zaɓen shugaba daga cikin wakilanta, dangantaka ta fi jam'iyya ƙarfi. Mutum biyu su sauya sheƙa, gwamnati ta faɗi. Bernard Dowiyogo sau bakwai yana hawa kujerar shugabanci kafin rasuwarsa a 2003.

Yanzu ido ya koma teku. Ruwan da ke ƙarƙashin ikon Nauru ya kai murabba'in kilomita 320,000, kuma lasisin kamun kifin tuna yana kawo kuɗi na zahiri. A 2021 ƙasar ta matsa wa hukumar da ke kula da ƙarƙashin teku lamba ta fito da dokokin haƙar ma'adinai cikin shekara biyu, don kamfanin The Metals Company da take mara wa baya. Teku kuma yana ƙara hawa, yana cin bakin gaɓar da mutane ke kwana. Gwamnatin Shugaba David Adeang ta fara sayar da fasfo a kan dala 105,000, ta ce da kuɗin za ta gyara tudun da aka haƙe, ta mayar da jama'a can.