Lacca: Mai keken guragu da titunan birnin Yamai



Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna cewa kashi 4,2 cikin 100 na al'ummar Nijar naƙasassu ne, wato mutum fiye da dubu 700. Daga cikinsu akwai waɗanda shan-inna ta nakasa tun suna yara, da waɗanda haɗarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ya ɗora bisa keke da girmansu. Tambayar da ke gaban wannan zama ita ce: yaya mai keken guragu zai tashi daga gidansa a Talladje ko Lazaret, ya isa Babbar Kasuwa, asibiti ko wata ma'aikata, ba tare da an ciccibe shi kamar buhun hatsi ba?

Wahalar tana somawa daga ƙofar gida. Yawancin hanyoyin cikin unguwanni rairayi ne, ƙafar keke tana nutsewa, hannu ya gaji kafin a kai bakin kwalta. Da damina ruwa ya yanke hanya, rairayi ya koma taɓo. Idan an kai babban titi, gefen da aka tanada domin masu tafiya ƙasa ya cika da tebura, kwanukan masu abinci da motocin da aka ajiye, ga magudanan ruwa a buɗe. Dole mai keke ya sauka tsakiyar titi, ya yi gogayya da taksi da manyan motoci, alhali kansa bai kai tsayin madubin direba ba.

Sufuri ma bai tausaya masa ba. Direban taksi yana neman cika kujerunsa huɗu, saboda haka sau da yawa yakan wuce mai keke, ko ya nemi kuɗin mutum biyu. Faba-faba tana da ƙofa mai tudu da cunkoso. Keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu kuwa ba ya naɗuwa, babu motar haya da ke ɗaukarsa cikin sauƙi. Wanda ke Harobanda sai ya ƙetara gadar Kennedy da ƙarfin damtsensa, cikin zafin watan Afrilu.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 aka kafa doka mai lamba 93-012 game da kare naƙasassu, aka kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aya ta 9 a cikinta ta wajabta sauƙaƙa shiga gine-gine, hanyoyi da motocin sufuri. A watan Disamba na 2019 aka ƙara da doka mai lamba 2019-62. Amma takarda ba ta hawa matakala. Mene ne amfanin gurbin aiki ga malamin da ofishinsa ke bene na biyu, babu na'urar hawa? Wanda aka toshe wa hanyar makaranta da ta aiki, hanyar bara kaɗai aka bar masa, sannan a dawo ana zarginsa da zaman bakin titi.

Birnin ya samu manyan ayyuka: gada ta biyu a 2011, gadar sama ta Mali Bero a 2013, da gyare-gyaren taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019. An kashe biliyoyi domin mota ta yi gudu. Abin da mai keke ke buƙata bai kai ko kusa da haka ba. Ƙa'idar magina ita ce, kowane santimita 1 na tudu yana son aƙalla santimita 12 na gangara. Matakala ɗaya mai santimita 15 tana buƙatar gangara mai mita 1,8. Matakala uku, mita 5,4. Ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. Gangarar da ta fi haka tsayuwa tarko ce, tana kifar da keke ta baya.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan kowa. Hukumomin birni su daina ba da izinin gina banki, kantin magani, makaranta ko ɗakin shan magani matuƙar zanen ba ya ɗauke da gangara, su kuma rufe magudanan ruwa. Shugaban ma'aikata ya sauko da teburin karɓar jama'a zuwa ƙasa, wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ɗan kasuwa ya janye hajarsa daga hanyar masu tafiya ƙasa, ya zuba ƴan buhunan siminti a ƙofar kantinsa, domin mai keke mai saye ne, kuɗinsa kuma ba su da naƙasa. Ƙungiyoyin direbobi su hana ƙarin kuɗin keke. Kafin a ƙaddamar da kowane gini, a gayyato Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Naƙasassu ta Nijar ta gwada shi da keke.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Alhajin da ke taka matakalar banki da ƙafafunsa a yau, da darektan da ke sa hannu kan izinin gini, tsufa ko hawan jini na iya zaunar da su bisa keke gobe. Gangarar da aka gina wa gurgu, ita ce mai ciki, tsoho da ɗan dako mai tura amalanke za su bi.

Allah ya ba shugabanni ikon aiki da dokokin da suka sa wa hannu.